Numfashin Nore

Gidanmu yana Gwale, a ƙarshen wani lungu da mota ba ta shiga. In ka wuce soro ka ratsa tsakar gida, akwai wata 'yar ƙofa ta langa-langa da za ta fitar da kai kangon baya. A nan Baffa Mamman yake ɗaure saniyarsa. Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya kai ni Kasuwar Kurmi na koyi ɗinkin fata, shi kuma ya yi mini aure. Allah bai ba shi haihuwa ba, matarsa ta daɗe da rasuwa. Daga ni sai matata Sa'ida sai saniyar nan, mu ne iyalinsa. Sai kuma kare.

Sunan saniyar Nore. Fara ce, da wani ɗan baƙin tabo a ƙasan kunnenta na hagu. Mu asalinmu makiyaya ne, kakanninmu ne suka shigo birni suka zauna, shanun kuma suka yi ta ƙarewa a hankali. Wasu fari ya ci, wasu annoba, wasu hidimar gida. Abin da ya rage daga garken nan duka Nore ce kaɗai.

A gidanmu akwai wata al'ada. Ranar sunan yaro, kafin a watse, babba a gidan yakan ɗauki jaririn ya kai shi wajen shanu, ya nuna masa 'yar maraƙa ya ce, wannan taka ce. Duk abin da ta haifa nasa ne, shi ma wata rana ya nuna wa ɗansa. Haka aka yi wa Baffa, kakar kakar Nore aka nuna masa. Ni da aka haife ni babu maraƙa a gida, ba a nuna mini komai ba. Ban taɓa jin ciwon abin ba, amma shi Baffa yana jinsa. Ga shi duk 'ya'yan da Nore ta haifa maza ne, ga tsufa ya fara kama ta.

To, a shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, sai Allah ya haɗa abu biyu a gidanmu. Sa'ida ta sami ciki, Nore ma da aka kai ta wajen bijimi a bayan Ƙofar Dukawuya ta ɗauka. Baffa ya zama kamar yaro. In Sa'ida ta kawo masa koko da safe sai ya ce, “'Yar nan, ke da Nore tsere kuke yi. Ki yi a hankali, ki bari ta riga ki, don ɗan naki ya zo ya tarar da dukiyarsa a tsaye.”

Ita kuma ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya, ta ce, “Baffa, in kuma namiji ta sake haifa fa?”

“Mace ce. Na ga yadda take kwanciya.”

Karen kuwa sunansa Duna. Baffa ya ajiye shi ne don gadin saniya, amma ka san halin cikin gari, ba a son kare. Maƙwabta suka yi ta magana, wannan ya ce ya shinshina masa buta, wancan ya ce ya bi ta kan tabarmar salla. Baffa mutum ne da ba ya son a kawo ƙararsa. Sai ya samo dabara: da gari ya waye ya kulle Duna a ɗakin harawa, inda muke tara abincin Nore, ba zai buɗe shi ba sai lungu ya ɗauke ƙafa. A kan harawar nan yake barci, a nan yake wuni, wani lokacin a nan yake kashi. Baffa ya kwashe abin da ido ya gani, ya kakkaɓe harawar, ya zuba wa Nore. Shekaru muna haka, maƙwabta suka daina magana, kowa ya ce Baffa ya kyauta.

Abincin Duna kuma daga hannun Ɗalha yake zuwa. Ɗalha mahauci ne, ɗan unguwar Sheshe, abokin Baffa tun suna samari. In ya taso daga kwata sai ya biyo ta gidanmu da ƙunshi a takardar siminti. Shi mutum ne mai tsoron Allah a sana'arsa. In an fede dabba ya ga huhunta ko hantarta da wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a ciki, ba ya sayar wa mutane, ko da wasu suna yanke wajen su sayar da sauran. Zubarwa kuma yana ganin almubazzaranci ne. Sai ya ƙunso ya kawo wa Duna.

Tun daga soro za ka ji muryarsa. “Ina Bafillacen gidan nan? Fito ka karɓi kason ɗan autanka!”

Baffa ya ce, “Shigo, mai jini a farce. Ka wanke hannu kuwa?”

Ɗalha ya wuce kango, ya buɗe ɗakin harawa ya jefa wa Duna ƙunshin, sannan ya je ya dafa tozon Nore yana latsawa kamar mai taya. “Hajiya Nore, ina jiranki fa. Wuƙata tana gaishe ki.”

“Wuƙar taka ta ci tsatsa tana jira,” in ji Baffa. “Nore ce za ta raka gawarka.”

Su yi dariya, su zauna a kan turmin da aka kife, su raba goro.

Tarin Nore ya fara ne wajen lokacin zaɓe, lokacin da duk bangon lungunmu ya cika da hotunan 'yan takara. Tari ne busasshe, ɗaya-ɗaya. Baffa ya ce ƙurar dusa ce, ya riƙa jiƙa mata. Bai tsaya ba. Da bazara ta kama sai abin ya koma numfashi. Da can in na kora ta zuwa bakin ganuwa ta ɗan ci ciyawa, ni nake bin ta da sauri. Yanzu kafin mu fita daga lungu ta tsaya, ta miƙe wuya, ta buɗe baki, haƙarƙarinta yana shiga yana fita kamar zugazugin maƙeri. Tana ci, amma naman jikinta yana zubewa. Cikin ne kawai yake girma.

Babu abin da Baffa bai yi ba. Ya ba ta jar kanwa, ya daka tafarnuwa ya ɗura mata, ya jiƙa sassaƙen maɗaci, ya yi mata hayaƙi. Ya karɓo rubutu ya zuba mata a ruwa. Ya ɗaga mata rumfar zana don rana. Da azahar in na dawo cin abinci sai in tarar da shi tsugune a gabanta yana yi mata fifita da mafici, yana yi mata magana da Fillancin da ni ban iya ba.

Wata rana Sa'ida ta ce da ni, “Ka ga Baffa ya daina cin abinci sosai. Ka nemo malamin dabbobi mana, ko ba ya so.”

Na je asibitin dabbobi na samo wani Malam Isyaku, mutum mai sanyin magana. Ya zo da la'asar a kan babur, ya jingine shi a bakin lungu. Ya gaida Baffa har ƙasa, sannan ya shiga kango. Ya buɗe idon Nore, ya duba hancinta, ya auna zafin jikinta. Ya sa abin saurare a kunne ya daɗe yana bin haƙarƙarinta, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can.

Ya ce, “Baba, babu zazzaɓi. Da ciwon huhun nan ne mai yaɗuwa, da jikinta ya yi zafi. Amma akwai wuraren da iska ba ta shiga ko kaɗan, kamar wani abu ya tsaya a ciki ya cinye wajen.”

Ana cikin haka Duna ya ji baƙuwar murya, ya yi haushi daga ɗakin harawa. Malam Isyaku ya juya.

“Kare ne a ciki?”

“Kare ne,” in ji Baffa. “Ba ya fitowa, kada ka damu.”

“A nan yake zama? A kan abincinta?”

“A nan. Saboda maƙwabta.”

“Me yake ci?”

Baffa ya ɗan yi murmushi, irin na mai abin alfahari. “Ai ya fi ni cin nama. Aminina mahauci ne, kullum sai ya kawo masa huhu ko hanta, irin mai ruwa-ruwan nan da ba a sayarwa.”

“Ɗanye?”

“To, wa zai dafa wa kare?”

Malam Isyaku ya cire abin sauraren daga wuyansa ya naɗe shi a hankali, ya nemi wuri ya zauna a kan turmi. Sannan ya yi mana bayani, bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙulle-ƙullen nan masu ruwa da ake gani a huhun dabba ba ruwa ne kawai a ciki ba, akwai 'ya'yan wata tsutsa, ƙanana kamar yashi. In kare ya ci, sai su zama tsutsa a hanjinsa. Shi karen ba ya jin komai, yana nan garas. Amma kashinsa cike yake da ƙwan tsutsar, ido ba ya gani, kakkaɓewa ba ta fitar da shi. In saniya ta ci harawar da ƙwan ya taɓa, sai ya bi jini ya je huhu ya zauna, ya zama jakar ruwa, yana girma shekara da shekaru. Da yawa dabba takan rayu da shi ba a sani ba sai an yanka. In ya yi yawa kuwa, sai ya matse huhun har numfashi ya gagara. Ya ce har a ƙasashen da ake noma da ɓauna haka yake yi musu, kuma mutum ma yana iya ɗauka daga kare.

“Ban ce lallai shi ne ba,” in ji shi. “Ba a tabbatarwa sai an buɗe. Amma abin da kunnena ya ji da abin da idona ya gani a gidan nan, sun tafi tare.”

Baffa ya ce, “Maganin fa?”

“Na kare akwai, zan ba ku ƙwaya, a riƙa maimaita masa. A fitar da shi daga ɗakin nan, a ƙone harawar, kada ya ƙara cin ɗanyen kayan ciki. Ku ma ku riƙa wanke hannu da sabulu, balle mai cikin nan. Ita saniyar kuwa, Baba, abin da ya riga ya zauna a huhu ba ni da allurar da za ta fitar da shi. Ga ciki yana tura ta daga baya, ga wannan daga gaba.”

“Za ta kai haihuwa?”

Malam Isyaku ya dubi Nore, ya dubi ƙasa. “Allah ne masani. Ni dai da tawa ce, ba zan yi nisa da wuƙa ba.”

Da na raka shi na dawo, na tarar da Baffa a tsaye a ƙofar ɗakin harawa. Duna yana kaɗa masa bindi. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Jibrila.”

“Na'am, Baffa.”

“Maganar nan kada ta je kunnen Ɗalha.”

“Baffa, ai gara ya sani, ko don ya daina kawowa.”

“Mutum ya yi shekaru yana ɗauko abu daga kwata a cikin rana, don ni. In ce masa me? Ni na kulle karen a kan abincinta, ba shi ba. Ka bar shi.”

Washegari muka fitar da harawar duka muka cinna mata wuta, muka kankare ƙasan ɗakin. Aka ɗaure Duna a gindin dalbejiya can ƙarshen kango, aka tura masa ƙwayar a cikin tuwo. Ɗalha ya zo da ƙunshinsa kamar kullum, Baffa ya tare shi tun a soro ya karɓa da hannu biyu.

“Kawo, yanzu ya ci tuwo. Sai an jima.”

“Kai, Fulani! Har kare kun koya wa kunya?”

Bayan ya tafi Baffa ya haƙa rami ya binne ƙunshin, ya ɗora dutse. Haka ya riƙa yi kullum. Ya karɓa, ya yi godiya, ya binne.

Nore dai ba ta sami sauƙi ba. Ta daina kwanciya, don in ta kwanta numfashin yana ƙara ƙwacewa. Sai ta tsaya ta ware ƙafafun gaba, kai a ƙasa, yawu yana zuba. Daga tsakar gida kana jin ta, wani sauti kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. Sa'ida ta ce ko tana daka tana jin sa a ƙarƙashin ƙarar taɓarya.

Ɗalha ya daina cewa wuƙarsa tana gaisuwa. Ranar nan ya tsaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya zauna kusa da Baffa, bai ko taɓa goron da aka miƙa masa ba.

“Mamman, yau ba wasa na zo yi ba. Dabbar nan ta gama. Ka bari a yanka ta tun tana da rai.”

“Saura kaɗan ta haihu. Dubi hantsarta, ta fara cika.”

“Na gani. Na kuma ga idonta. Ni aikina ke nan, na san dabbar da za ta kwana da wadda ba za ta kwana ba. In ta faɗi ba kowa a kusa, mushe ce. Ka yi shekara nawa kana wahala da ita, a ƙarshe a ja ta da igiya a kai bayan ganuwa ungulu su ci? Haka kake so a yi wa Nore?”

“Kai dai burinka ka sa mata wuƙa. Ka daɗe kana faɗa.”

Ɗalha ya miƙe. Na ga maganar ta soke shi. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, “Allah ya huci zuciyarka. In ka neme ni ka san inda nake.” Ya fita. Amma washegari sai ga yaron kwata da ƙunshin takardar siminti, wai in ji Ɗalha a ba Duna.

Na sami Baffa ni ma na ce, “Baffa, in don ɗan da za a haifa ne, wallahi na yafe. Ni ma ba a nuna mini maraƙa ba, ga ni na girma.”

Ya dube ni, idonsa ya yi ja. “Shi ya sa, Jibrila. An tsallake ka. In aka tsallake ɗanka, shi ke nan, al'adar ta yanke. Ni ne zan je lahira in tarar da kakanninmu in ce a hannuna ta ƙare.”

Na tashi na ba shi wuri.

Ranar da za a miƙa mulki ta kama Asabar. Tun da safe lungu ya cika da ƙarar rediyo, maƙwabcinmu ya fito da talabijin soro, yara da manya suka taru. Kasuwa ma ba kowa ya fita ba, ni ma ina gida. Da hantsi ina gyara wani takalmi a ƙofar ɗaki, sai na lura ba na jin sautin numfashin Nore. Kafin in miƙe na ji Baffa yana kira, “Jibrila! Jibrila!”

Na tarar ta faɗi a gefenta, wuya a miƙe, harshe a waje ya yi shuɗi-shuɗi. Baffa ya rungumi kanta yana ƙoƙarin ɗagawa. Muka kama tare, ni ƙaho shi wuya, muka tura, muka ja. Ta yunƙura ta kasa. Numfashin yana zuwa, ya tsaya, har ka ce ya tafi, sannan ya dawo da ƙyar.

Baffa ya zauna a ƙasa, ya ɗora kanta a cinyarsa. Ya sa hannu a cikinta, ni ma na ga abin da ke ciki ya motsa. Ya daɗe hannunsa yana wurin. Sannan ya ce, a hankali, “Je ka kira shi.”

Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Na sami Ɗalha a rumfarsa, mutane sun kewaye rediyo. Da ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba, ya ɗauki wuƙaƙensa ya biyo ni.

Da muka shiga kango babu wanda ya yi maganar abin da ya wuce. Ɗalha ya tsuguna ya taɓa idonta, ta ƙifta.

“Da sauran rai. Mamman, tashi ka shiga gida.”

“A'a. Ni zan riƙe ta.”

Muka juya ta ta fuskanci alƙibla. Baffa ya rufe mata ido da tafin hannunsa, ya sunkuya ya faɗa mata wani abu a kunne. Ɗalha ya yi bisimilla. Daidai lokacin aka ɗauki tafi da sowa a soron maƙwabta, ban san me aka nuna musu ba.

Ko gama shure-shure ba ta yi sosai ba Ɗalha ya ce, “Riƙe ƙafar nan, Jibrila, yi sauri, ko Allah zai sa.” Ya farke cikin da hanzari, ya zura hannu ya jawo ɗan. Ya share masa hanci da baki, ya ɗaga shi ta ƙafafun baya ya girgiza, ya kwantar ya murza ƙirjin da buhu, har ya sa bakinsa ya hura masa iska. Ƙafa ɗaya ta ɗan motsa. Daga nan shiru. Ɗalha ya ci gaba da murzawa har sai da Baffa ya ce, “Bari haka, Ɗalha. Ya isa.”

Baffa ya matso ya ɗaga ƙafar bayan ya duba. Mace ce. Fara, gashi ya gama fitowa, da ɗan baƙin tabo a ƙasan kunne. Ya shafa tabon da babban yatsa. “Na ce muku mace ce,” in ji shi. Sa'ida da ke tsaye a bakin ƙofar langa-langa ta juya ta koma ciki.

Aiki ba ya jira, rana tana yi. Ɗalha ya yi fiɗa, ni ina riƙe masa. Da ya fasa ƙirji ya jawo huhun, sai ya tsaya. Ban taɓa ganin irinsa ba. Duk ya kumbura da jakunkuna farare, wata kamar ƙwan kaza, wata ta kai lemo, sun hau juna. Naman huhun na gaskiya ɗan kaɗan ne ya rage a tsakaninsu. Ya taɓa ɗaya da bakin wuƙa, ruwa garai ya tsarto, da wani abu kamar yashi a ƙasansa.

“La ilaha illallahu. Da wannan take numfashi? Mamman, dubi. Ai huhu mai ruwa ne, irin wanda nake kawowa. Amma ban taɓa ganin wanda ya kai wannan ba.” Ya girgiza kai, ya yanke shi, ya ɗago da hannu biyu. “Wannan ba na mutane ba ne.” Sai ya juya wajen dalbejiya, kamar yadda hannunsa ya saba, ya yi fito. “Duna! Zo ka karɓa.”

Baffa ya kama wuyan hannunsa. Tsoho ne, amma na ga yatsunsa sun nutse a fatar Ɗalha.

“Kada ka ba shi.”

“Me ya sa? Ai kasonsa ne.”

“A rami za a sa.”

Ɗalha ya dube shi, ya dubi karen da ke ɗaure nesa da inda ya san shi, ya dubi ɗakin harawa da ke buɗe babu komai a ciki, da baƙin tokar da ke gabansa. Sannan idonsa ya kai kan duwatsun da ke jere a gindin katanga, kowanne a kan sabuwar ƙasa.

“Mamman, mene ne a ƙarƙashin duwatsun can?”

Baffa ya kawar da fuskarsa gefe.

“Jibrila, kai faɗa mini. Na haɗa ka da Allah.”

Na dubi Baffa. Ya saki hannun Ɗalha, ya sunkuyar da kai. Sai na faɗa masa abin da Malam Isyaku ya ce, yadda na iya: daga huhu zuwa kare, daga kare zuwa harawa, daga harawa zuwa huhu. Ina magana yana riƙe da abin a hannunsa, ruwan yana ɗiga a kan ƙafarsa.

Da na gama ya ce, “Wato ni na riƙa ɗauko mata shi. A takarda. Ina zuwa ina dafa tozonta.”

“Ni na kulle karen,” in ji Baffa.

“Kuma ka sani, kana karɓa kana yi mini godiya.”

“To me zan ce maka, Ɗalha? Alheri ka yi.”

Ɗalha ya tsuguna a inda yake. Babban mutum, mai furfura a gemu, ya kifa fuskarsa a gwiwar hannu don tafin duk jini ne. Baffa ya tsuguna kusa da shi, bai taɓa shi ba. Daga soro ana ta jin jawabi a talabijin.

Ni na haƙa ramin, mai zurfi, har ya kai mini ƙugu. Ɗalha da kansa ya sa huhun da hantar a ciki, muka zuba toka muka rufe. 'Yar maraƙar kuma Baffa ya naɗe ta a tsohon buhu, ya ce a yi mata nata ramin daban, a gindin turken uwarta. Naman aka raba wa maƙwabta. Baffa bai ci ba, Ɗalha ma ko tsoka bai ɗauka ba. Fatar ce kawai na roƙa, na kai aka jeme mini ita da gashinta.

Ɗalha bai ƙara zuwa da ƙunshi ba. Na ji an ce a kwata ya sa an ajiye wata tsohuwar ganga, duk huhun da ya gani da ruwa sai ya jefa a ciki ya ƙone, abokan sana'arsa suna yi masa dariya wai ya zama ma'aikacin lafiya. Yana zuwa gidanmu da la'asar, ya yi sallama a hankali, su zauna a kan turmi suna kallon turke.

Da damina ta zauna Sa'ida ta haifi ɗa namiji. Ranar suna aka raɗa masa Muhammad Sani, aka raba goro, aka yi addu'a, mutane suka fara watsewa. Ina tsaye a soro ina sallamar baƙi sai Baffa ya ce, “Karɓo mini yaron.”

Na karɓo shi. Ya rungume shi ya nufi ƙofar langa-langa, ni da Ɗalha muna biye. Ciyawa ta fito kore shar a kangon, har a gindin turken. Ya tsaya a wurin da jaririn a hannu. Ya dubi hagu ya dubi dama, kamar mai neman abin da ya ajiye.

Na koma ɗaki na ɗauko fatar na shimfiɗa a kan ciyawar. Baffa ya durƙusa a hankali ya kwantar da yaron a kai, ya kama ɗan hannunsa ya shafa shi a kan farin gashin.

“Sunanta Nore,” ya ce masa. “Taka ce.”

Yaron ya damƙi gashin ya riƙe. Ɗalha ya juya ya fuskanci katanga. Aka fara yayyafi, Sa'ida tana kira daga cikin gida a shigo da shi kada ya yi mura.